GIWAR DA KAYA SUKA YI WA YAWA

Mai karatu, ko ka taɓa lura da tambarin tsohon kamfanin jiragen saman ƙasar nan, wato Nigeria Airways? Giwa ce mai fukafukai. Dabbar da ta fi kowace nauyi a tudu, ita aka ce ta tashi sama. Ta kuwa tashi, har zuwa lokacin da aka lafta mata abin da ya fi ƙarfinta.

Yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970. Dattawanmu na nan Sabon Garin Sakkwato suna ba da labarin 'yan kasuwa Ibo da suka dawo suka sake buɗe shago da ɗan abin hannunsu, domin wanda ya kai kuɗin Biyafara banki fam 20 aka ba shi, komai yawan abin da ya kai. Su ne suka fara ɗaukar kayan bayan yaƙi. Ba a jima ba kuɗin fetur suka kwararo, gwamnati ta shiga sayen jirage, giwa ta zama abin tinƙaho.

To, ka san yadda ake yi a filin jirgi lokacin aikin Hajji. Mai awo zai ɗora jakar alhaji a sikeli, in ta wuce ƙa'ida sai a rage, ko da kuwa tsarabar jikoki ce, saboda jirgi yana da iyakar abin da zai ɗauka. Amma wa ya taɓa auna kayan da aka ɗora wa kamfanin kansa? Ma'aikata fiye da kima, bashi kan bashi, ga shugabanni ana ta sauyawa. A 1979 sai da aka ɗauko Turawan KLM su riƙe shi. A 1987 ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya, IATA, ta dakatar da shi daga tsarin biyan kuɗi na tsakanin kamfanoni saboda bashi.

Mu Sakkwatawa mun ɗanɗani abin a jikinmu. Ranar 11 ga Yulin 1991 wani jirgin haya na kamfanin Nationair na Kanada ya taso daga Jidda da alhazai zai sauke su a Sakkwato da sunan Nigeria Airways. Tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, an kuma sani, amma aka ƙi jinkirtawa don kada a makara. Tayoyi suka fashe wajen tashi, wuta ta kama, mutum 261 suka rasu, ko ɗaya bai tsira ba. Allah Ya jiƙan su.

A 2003 gwamnatin Obasanjo ta rushe kamfanin, aka bar wa 'yan kasuwa sararin. Ranar 29 ga Oktoban 2006 jirgin ADC ya faɗi yana tashi daga Abuja zuwa nan, muka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da ɗansa Sanata Badamasi da sauran bayin Allah. Su kuwa tsofaffin ma'aikatan giwa, sai a 2018 gwamnati ta saki rabin haƙƙinsu, bayan wasu sun mutu suna jira.

Hausawa na cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Wallahi a nan ba haka ta kasance ba. Manya suka ɗebo, bakin alhajin ƙauye da na ɗan fansho ya ƙone.

Shi ya sa nake roƙon ku marubuta da masu shirya fim. Kullum a labaranku jirgi abin ado ne: saurayi ya sauka daga Landan, budurwa ta tarbe shi da furanni. Ina labarin matar da ta yi wa mijinta girkin tarba a 1991? Ina na makanikin da ya ga taya ba iska aka ce ya yi shiru? Ku ɗauki wannan kayan, ya daɗe yashe a ƙasa.