Wasiƙu Biyu A Kasuwar Kurmi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili in ba 'yan'uwa labarin abin da na tarar a Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, da ya hau sarauta a 1463.

Na shiga ta wajen Jakara da hantsi, na bi lungunan nan da mutum biyu ba su jerawa sai da turereniya, na wuce masu turare da kayan yaji, har na kai rumfunan dukawa. Can na iske wani dattijo abokina mai jakunkunan jar fata, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, dubi abin da yaron nan ya karanta mini."

Ashe wasiƙun imel ne biyu. Ta fari ta wani Ba'amurke ce, layi uku tak, yana son jaka hamsin. Ya kira dattijo gatsau da sunansa na yanka, sunan da ko uwargidansa ba ta faɗa, babu Alhaji, babu ina gajiya. Dattijo ya rantse ba ya ciniki da mara kunya. Ta biyu ta Bajamushe ce, ya buɗe da girmamawa, ya rufe da gaisuwa, ya sa Dokta gaban sunansa. Yaro kuwa, da ya ke ya ga yadda Ba'amurke ya yi, sai ya amsa masa da sunansa tsirara. Yau mako uku shiru.

Na ce masa Jamusawa kusan irinmu ne. Cikin harshensu baƙo da babba Sie a ke ce musu, du kuwa sai dangi da aboki da yara, kuma babba ke ba da izinin a sauya. Mutanen Amurka su a wurinsu kiran suna neman kusanci ne, gajarta zance kuwa gudun cin lokacin mutum. Na tuna masa Bajamushen nan Barth, da ya zaga kasuwar nan a 1851, Abdulkarim ya kira kansa, don ya san suna ke buɗe ƙofa.

Dattijo ya yi shiru, sa'an nan ya ce a ba Dokta haƙuri da cikakken laƙabinsa. Ba'amurke kuma a aika masa da jakunkunansa, amma a rubuta Alhaji da manyan baƙaƙe a ƙarshen amsa, ko ya gane.

Wasalam. Ni ne naka,
Wani Mai Karatu, Birnin Kano.