Shingen Lalle da Hannun da Ke Datse Shi

A Ingila akwai wata shuka mai yaɗo, wadda masana ke kira Hedera helix. Sukan ɗora ta a kan ƙirar waya, su riƙa datse ta har ta ɗauki siffar tsuntsu ko ƙwallo. Aske tsirrai tsohuwar sana'a ce a can: lambun Levens Hall, da aka tsara tun 1694, har gobe almakashi bai huta a cikinsa ba. Ita wannan shuka ba ta son zafin bazararmu, balle bushewar hunturu. Abin da ya fi kusa da ita a wurinmu shi ne shingen lalle.

Na tashi ina ganinsa a bayan gidan kakata, a wani ƙauye tsakanin Makarfi da Hunkuyi. Da ruwan fari ya sauka, sai ta ɗauki lauje ta bi kan rassan tana sarewa, ba tausayi. A ganinta, lallen da aka ƙyale ya miƙe yadda ya ga dama sanda zai zama, ƙasansa fayau, akuya ta ratsa ta cinye yakuwa.

Kimiyya tana bayanta. Kan reshe yana sakin wani sinadari, oksin, mai danne idanun da ke ƙasa da shi. Kenneth Thimann da Folke Skoog ne suka nuna haka a 1933. Idan aka cire kan, idanun sai su farka, reshe ɗaya ya haifi biyu ko uku. Sabon tohon nan ne kuma ke cika da ganyen da za a shanya, a daka don ƙunshi. Sharaɗi guda: gindi ya fi kai faɗi, don rana ta kai ga rassan ƙasa. Nan masu aske furannin ƙofar ofisoshi suka fi yin kuskure, shi ya sa za ka ga sama shar, ƙasa ƙirare.

Yanzu duk lokacin da na bi hanyar Ikara, bulo da kwano nake ƙara gani inda a da lalle da bini-da-zugu suke tsare gida. Ban ga laifin mai gini ba. Katanga ba ta neman ban ruwa. Sai dai ba ta ba amarya ganye, kuma yaran gidan sun taso ba su san a wace gaɓa ake ɗora lauje ba.