Wasan da Ake Yi da Jira

Ɗaukar matsayin wani don wasa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A kalankuwa, bayan kaka, samari kan naɗa junansu sarki da alƙali, kowa ya riƙe muƙaminsa har a watse. A tashe kuwa, yaro kan manna gemun auduga ya zama tsoho. Turawa sun yi wa irin wannan wasa dokoki a rubuce, musamman tun fitowar Dungeons & Dragons a Amurka a 1974, daga hannun Gary Gygax da Dave Arneson. Wani reshensa ba ya buƙatar a zauna wuri guda: kowa yana rubuta abin da ɗan wasansa ya yi, ya aika, ya jira na gaba.

Wannan reshen ne ya riƙe zumuncinmu, mu biyar da muka tashi tsakanin Kazaure da Roni, bayan aiki ya warwatsa mu. Gaisuwar waya ta koma “ya aiki, ya iyali” kawai, har muka rasa abin faɗa wa juna. Sai muka ƙirƙiri ayarin fatake na zamanin da, wanda zai tashi daga Gwiwa, ya ratsa duwatsun Roni, ya nufi Babura. Ɗaya ya zama madugu, ɗaya jagaba, ɗaya malamin ayari, ni kuma mai kula da jakuna. Na biyar shi ne alƙalin wasa: shi ke faɗin inda rijiya ta ƙafe da inda ’yan fashi suka yi kwanto.

Ga mai son farawa, abubuwa huɗu sun isa. A zaɓi ƙasar da kowa ya san ƙurarta, domin wanda ya san nisan Gwiwa da Kazaure ba zai kai ayari cikin sa’a guda ba. A ba kowane ɗan wasa buri ɗaya da rauni ɗaya. Madugunmu bashi ne ke binsa. A yanke wa’adi: mu kwana biyu muka sa, wanda ya wuce haka alƙali ya matsa da labari. Idan ana shakkar ko wani yunƙuri zai yi nasara, alƙali ya jefa ƙwayar ludo, babu kuɗi a ciki.

Amma dokar da ta fi kowace nauyi ita ce: ba ka rubuta wa wani abin da ɗan wasansa ya ji ko ya yanke. Ina iya rubuta cewa na tare madugu na nemi haƙƙina. Ko zai biya, ko zai fusata, wannan nasa ne, kuma dole in jira. Marubucin da ya saba juya taurarin littafinsa yadda ya ga dama, a nan yake shan wuya.

Jiran nan shi ne ribar wasan. Cikin kwana biyun, kana tauna maganar abokinka, kana auna amsarsa, kana zaɓen kalmomin Hausar da aikin ofis ya sa ka ajiye. Idan kana da abokai uku da hira ta fara yankewa tsakaninku, rubuta musu sakin layi ɗaya yau, ka tsaya daidai inda wani zai yanke shawara.