Ɗan Ƙanwata da Ɓerayen Ɗakin Bincike

Shekara huɗu ke nan da rasuwar ɗan ƙanwata, yaron da bai cika wata goma a duniya ba. Idanunsa garau, ga yawan murmushi, amma bai taɓa riƙe wuyansa ba. Wasu suka ce shan-inna ce, wasu suka ce iska. Daga baya likita ya ambaci sunan cutar: SMA, ciwon gado mai kashe jijiyoyin laka da ke motsa tsoka. Ni malamin kimiyyar halittu ne a sakandare, amma ranar da uwarsa ta ce, "Yaya, laifin wane ne?" sai na rasa ta cewa. Wannan tambaya ce ta mayar da ni karatu.

Yaron ya gaji ƙwayar gado mai suna SMN1 a lalace daga uwa da uba, alhali kowannensu lafiya lau yake. A 1995 masu bincike a Faransa suka gano ta. Ɗan Adam yana da makamanciyarta, SMN2, sai dai aikinta ragagge ne. Kafin jiki ya ƙera furotin, yakan kwafi saƙon ƙwayar, ya yanke abin da ba ya buƙata, ya haɗa sauran, kamar yadda tela ke yi da yadi. A SMN2, bambancin harafi ɗaya tak kan sa a yar da yanki na 7, don haka kusan kashi 10 cikin 100 kawai ke fitowa cikakke.

A nan ɓera ya shigo. Shi ƙwaya ɗaya gare shi, in aka cire ta kuwa tun a ciki yake mutuwa. A shekarar 2000, masana a Taiwan da Amurka suka dasa wa irin waɗannan ɓeraye SMN2 ta mutum. Aka haife su a raunane, masu tsananin ciwon suna mutuwa cikin 'yan kwanaki, kuma a jikinsu aka ga kuskuren ɗinkin ƙarara. Adrian Krainer da abokan aikinsa a Cold Spring Harbor suka gwada wani ɗan zaren sinadari da ke hana a yar da yankin nan, ɓerayen suka daɗe a raye. A Disambar 2016 Amurka ta amince da maganin, Spinraza.

Lokacin da ya fito a 2016, farashinsa a shekarar farko dala 750,000 ne. Ko da mun san da shi, ina muka ga wannan kuɗi?

Duk da haka na koma wa ƙanwata da amsa. Na ce mata ba laifin kowa ba ne, ba kuma maita ba ce. Yadda sikila ke gado haka wannan ke yi: in iyaye biyu na ɗauke da ita, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Mun koyi gwajin jini kafin aure saboda sikila. Ya kamata iyalan da suka binne jarirai masu irin wannan rauni su ma su nemi shawarar likita, musamman in ana shirin auren zumunci.

Ta yi kuka, sannan ta daina zargin kanta. Allah ya sa mai ceto ne.