Muryar Ɗan Damagaram a Cikin Linjilar Hausa

Idan na zo koyar da tarihin rubutun boko ga ɗalibaina a Gumel, akwai gaɓar da aji kan yi tsit. Ita ce inda nake faɗa musu cewa da yawa cikin littattafan Hausa na farko da aka buga da baƙaƙen Turawa fassarar Linjila da Attaura ne. Ba a rasa mai ɗaga hannu ya ce, "Malam, mu me ya haɗa mu da littafin Kirista?" Ina jin daɗin tambayar, domin amsarta tana nan kusa da mu, tsallaken iyaka.

Fataken Damagaram da ke cika kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, daga ƙasarsu aka kama wani yaro mai suna Dorugu aka kai shi Kukawa bawa. Wani Bajamushe, Adolf Overweg, ya 'yanta shi. Da Overweg ya mutu a 1852, Dorugu ya bi Heinrich Barth har Tambutu, daga baya suka isa Landan a 1855. A Ingila ya zauna wurin wani ɗan mishan, James Frederick Schön, wanda ya daɗe yana fama da Hausa ba tare da ya taɓa taka ƙasar Hausa ba. Bayan zuwan yaron sai aiki ya kankama: Linjilar Matiyu ta fito a 1857, nahawu a 1862, ƙamus a 1876, sannan Magana Hausa a 1885, mai ɗauke da labarin rayuwar Dorugu daga bakinsa. Sunan Schön ne a bangon littattafan, amma yawancin Hausar ta yaron ce.

Abin da ya fi zauna mini daga wannan karatu shi ne kowane littafi yana da mutanen da ke bayan labule, kuma manazarci na gari su yake fara nema. Masu binciken Kiristancin farko sun daɗe da gane haka. Kundin da ake kira Codex Sinaiticus, wanda aka rubuta da Girkanci a ƙarni na 4 aka adana shi a gidan ibada na Dutsen Sina'i, ba hannu ɗaya ya rubuta shi ba. Masana sun bi siffar baƙaƙe da irin kuskuren da kowane magatakarda ya saba yi, har suka rarrabe su, suka kuma ware gyare-gyaren waɗanda suka zo daga baya. A ƙarshen wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa ma, magatakardan da ya rubuta ta, Tartiyas, ya saka sunansa ya yi gaisuwa. Wanda ya tashi cikin karatun Hadisi, ya saba da tambayar wa ya ji daga wa, ba zai ga wannan aiki baƙo ba. Ni a wurina nan ne tsoro ya fita. Na ga ashe ana iya nazarin littafin ibadar wasu da tsanaki da adalci, mutum yana riƙe da aƙidarsa daram.

Na kuma koyi kada in yi gaggawar raina aikin na farko. Schön bai rarrabe ƙ da k ko ɗ da d ba, shi ya sa karatun rubutunsa ke wahalar da ɗalibi na yau. Amma idan aka karanta a bayyane, a hankali, sai ka ji zubin maganar mutanen gabas, irin wadda kunne ya saba da ita a kara wajen cinikin shanu. Nakan sa ɗalibai su yi hakan, kuma waɗanda suka fito daga ƙauyukan bakin iyaka su suka fi saurin kamawa.

Daga nan hanya ta miƙe. Wani ɗan mishan, Dokta Walter Miller, ya zauna a Zariya, mishan ta koma Wusasa, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Shekara guda bayan haka aka yi gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Ban ce wannan ya haifi wancan ba. Imam daga zauren malamai ya ɗebo hikimarsa, kuma tun kafin Turawa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, tana wa'azi da waƙa cikin ajami. Abin da nake cewa shi ne addini ne ya fara ɗora alƙalami a kan Hausa ta ɓangarorin biyu, kuma mai son tarihin adabinmu ba ya da ikon ɗaukar rabi ya bar rabi.

Yana ci mini rai cewa yaro a Maigatari zai gama sakandare ya san sunan Barth, bai taɓa jin na Dorugu ba. Dorugu ya dawo gida, ya yi aikin tafinta, a ƙarshe ya taimaka a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, inda ya rasu a 1912. A 1971 Kirk-Greene da Paul Newman suka sake buga labarinsa cikin fassarar Turanci.