Bashin Da Muka Ciwo A Filin Kokawa

Mu huɗu ne muka shirya wasan, mu huɗun kuma muka raba kunyar da ta biyo baya, don haka babu wanda zai ce "ni" a wannan labari. A lungu ɗaya muka taso cikin birnin Zariya, allo ɗaya muka wanke, bulala ɗaya muka sha. Yau ɗayanmu tela ne, ɗaya malamin firamare, ɗaya mai gyaran babur, ɗaya kuma yana sayar da hatsi. Abin da ya rage mana na yarinta shi ne bencin da muke zama bayan sallar isha'i, da kuma son kokawa.

Duk wanda ya san cikin ganuwar Zazzau ya san garin karatu ne. Iyayenmu sun fi alfahari da zaurukan malamai da tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina fiye da kowane irin wasa. A wurinsu kokawa harkar mutanen ƙauye ce bayan an kai amfanin gona gida, kuma ba sa son layu da kambunan da 'yan kokawa ke ɗaurawa. Mu a wurin wani mai shayi ɗan Nijar muka kamu. Yana da rediyo mai ɗaure da roba, idan lokacin gasar takobi ya zo sai ya kamo tashar ƙasarsu, mu kewaye teburinsa ba mu sayi ko rabin kofi ba. A bakinsa muka ji cewa a 1975 aka fara gasar a garin Tawa, kuma Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin. A bakinsa muka ji sunan Salma Ɗan Rani na Dosso da Langa-Langa na Damagaram.

Amma gwaninmu ba ya cikin waɗannan. Wani ne daga ƙauyukan kan iyaka, tsakanin ƙasar Katsina da Maraɗi, wanda makaɗa suka wasa a wani kaset da mai shayin ya saka har ya fara shaƙewa. Ba za mu kama sunansa a nan ba, domin labarin ya taɓa aljihunsa da gwiwarsa, kuma bai ba mu izinin tallata su ba. Abin da aka gaya mana a kansa guda ne: bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba. Mun sha yin faɗa a kan yashin gindin ganuwa saboda wa zai zama shi. Wanda ya ci sunan ba ya yarda ya faɗi, ko da an kayar da shi sai ya ce santsi ne.

Bara da kaka, mai sayar da hatsin cikinmu ya dawo daga cin kasuwa a arewa ya ce, "Kun san mutumin nan yana raye?" Wani direba ne ya ba shi labari, har da lambar wayar jikansa. A daren muka yanke shawarar haɗa ɗan wasa na unguwa, mu gayyato shi ya zauna a matsayin babban baƙo. Babu gwamnati, babu kamfani, babu ɗan siyasa. Muka yi lissafi a bayan kwalin sigari: naira 300 kuɗin shiga, mutum 500 in Allah ya yarda. Muka yi masa alkawarin naira 50,000 ban da kuɗin mota. Ta waya ya sa muka maimaita adadin sau biyu. Muka yi dariya bayan an kashe, muka ce tsufa ne.

A Kwangila muka tarye shi ranar Asabar da hantsi. Mun tsaya muna duban ƙofar motar muna jiran wani ƙato ya sunkuyo ya fito. Fasinjoji suka gama sauka, sai ga wani dattijo gajere yana jawo ƙafar hagu, da sanda a hannu da 'yar jakar buhu a kafaɗa. Sai da jikan ya kira lambarmu muka ji wayar na ƙara a gabanmu, sannan muka gane. Gani ya kori ji.

Muka durƙusa. "Baba, sannu da hanya."

"Yawwa samari. Ku ne Zage-zagin?"

Da ya miƙo hannu muka san ba a yi mana ƙarya duka ba. Tafin kamar faifai, yatsun kamar an sassaƙa su da gizago. Wuyansa ya kusa kai faɗin kansa. Sauran jikin ne shekaru suka cinye. Abin da ya fara tambaya shi ne inda zai kama ruwa, sai kuma ko akwai kantin magani a kusa, man zafinsa ya ƙare a hanya.

Muka sa shi a keke muka bi ta Tudun Wada muka shiga ta Ƙofar Doka. Malamin cikinmu ya soma ba shi tarihin ganuwa da Sarauniya Amina. Baba ya dubi inda ƙasar ta zaizaye, awaki na hawa suna sauka, ya ce, "Ita ma ta yi zamani." Bai ƙara ba.

Filin da muka samu wata gona ce da aka girbe a cikin ganuwa, ta wajen Ƙofar Gayan. Muka zuba yashi tifa guda, muka kewaye da zana, muka yi hayar kujerun roba da lasifika. Wani mahauci ya ba da tunkiya kyautar wanda ya yi na ɗaya, na biyu turmin atamfa. 'Yan kokawa goma sha biyu suka zo, yawancinsu daga ƙauyukan Giwa da Soba da Maƙarfi, manoma da masu dako, wasu da walki, wasu da gajeren wandon ƙwallo. Bayan la'asar aka soma. Iskar hunturu na kwasar ƙura tana watsa wa masu gyaɗa da rake.

Tun kafin a yi kaye uku muka ga inda lissafinmu ya karkace. Mutane sun zo, amma ba ta ƙofa ba. Yara sun cika kan ganuwa, samari sun haye bishiyoyi, wasu sun ɓula zana. Wanda ya zo ta ƙofar kuma ko dai abokin wanmu ne, ko surukin wani, ko wanda ba a iya cewa ya biya.

Sai makaɗin ya juya gangarsa wajen Baba ya saki takensa. Ba mu san ya iya ba, ashe wurin ubansa ya gada. Mun ga abin da ba za mu manta ba. Dattijon da muka taimaka wa ya hau keke ya ajiye sanda, ya miƙe, kafaɗunsa suka buɗe. Ya tako cikin fili taku shida ko bakwai, ya sunkuya ya dafa yashi, ya ɗebo ya murza a tafinsa. Ya buɗe baki zai yi kirari, muryar ta fito rabi ta tsaya. Filin ya ɗauka da sowa, har na kan ganuwa da ba su san ko wane ne ba. Da ya dawo ya zauna, mu da ke kusa muka ga yadda ya cije leɓe yana matsa gwiwar da hannu biyu.

Daga nan muka zauna a gefensa, ya zama mana makaranta. Mu fuska muke kallo da damatsa, shi ƙafafu yake kallo. Aka fito da wani ƙato mai dakon buhuna da wani siririn yaro manomi. Kowa ya ba ƙaton. Baba ya ce, "Ku dubi dugadugan babban. Ya zauna a kansu. Yaron ga kuwa bisa yatsu yake." Suka kama, suka saki, suka sake kamawa. Ƙaton ya rungumo ƙugu yana neman ɗagawa, yaron ya saki jiki ya bi shi kamar zai tafi, sai ya harɗe masa ƙafar dama ta ciki ya tura da kafaɗa. Ƙasa ta amsa. Baba bai yi tafi ba, ya dai gyaɗa kai. Ya ce ƙarfi na kowa ne a shekara ashirin, abin da ake koya shi ne jin nauyin mutum, ka san lokacin da ya bar ƙafa ɗaya ya koma ɗaya. A wannan ɗan tsakanin ake kaye.

A nan ne telan cikinmu ya yi tambayar da muka riƙe shekara talatin. "Baba, da gaske ne bayanka bai taɓa taɓa ƙasa ba?"

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yi dariya har da tari. "Wa ya hwaɗa muku? Makaɗi? To shi abincinsa ke nan." Ya ce an kayar da shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. Wanda ya fi tsaya masa a rai wani yaro ne a wata kasuwar ƙauye, lokacin sunansa na tsakiyar tashe. Bai san sunan yaron ba, bai sake ganinsa ba. Ya raina shi, ya miƙa hannu da sakaci, sai ya ji sama ta juya. Makaɗa suka yi shiru, daga baya kowa ya yi kamar bai gani ba. Ya ce wannan gwiwar kuma ba a fili ta lalace rana ɗaya ba, kullum ana ɗiba kaɗan kaɗan, ana ɗaure ta da tsumma a koma, don idan ka ce ba ka iyawa yau, gobe wani za a kira.

Muka yi tsit. Wani abu ya faɗi a cikinmu wanda ya fi ƙaton nan nauyi. Mun so ya ce e.

Aka tashi gab da magariba. Siririn yaron ya ja tunkiyarsa. Muka koma bayan zana muka zazzage jakar ƙofa. Mutum 240 suka biya, naira 72,000. Muka sallami makaɗa da mai lasifika da mai kujeru da mai tifa, muka ba waɗanda aka kayar ɗan na mota. Bayan mun ware kuɗin motar Baba, abin da ya rage na alkawarinsa naira 18,000 ne.

Gaskiyar da ta sa muka rubuta wannan ita ce: a ranmu mun sa ran zai yafe. Mun riga mun tsara yadda za a yi. Za mu miƙa a dunƙule cikin ladabi, shi kuma babban mutum, zai sa a aljihu bai duba ba, ya sa mana albarka, mu sami labarin da za mu riƙa bayarwa a benci. Bayan isha'i a zauren da muka sauke shi, muka miƙa. Ya jawo fitila, ya lashi yatsa, ya ƙirga. Ya sake ƙirgawa.

"Samari, ba haka muka yi da ku ba."

Muka shiga kame-kame, yara sun hau ganuwa, zana ta ɓule, kasuwa ba daɗi. Ya bari muka gama. Ba da faɗa ya yi magana ba. Ya ce shekara arba'in ke nan yana jin wannan bayani, a bakin sarakunan kasuwa da masu gari da manyan da suka fi mu riguna. Kullum fili ya cika, kullum jaka ba ta cika ba. An ba shi riguna da goro da suna, ya gode. Amma likita ya ce gwiwar sai an yi hoto, kuma mai hoton ba ya karɓar kirari. "Kun biya mai kujera cikakke," in ji shi. "Don shi kun san zai biyo ku gida."

Babu wanda ya ɗaga kai. Maganar ta zauna daidai inda ya ajiye ta. Mun biya duk wanda muke jin tsoron bakinsa, muka rage wa wanda muke ƙauna, saboda mun ɗauka ƙaunar ma kuɗi ce.

A Nijar aƙalla an gina filaye an sa musu sunayen gwanaye, na Maraɗi yana ɗauke da sunan Kantu, na Dosso na Salma Ɗan Rani, kuma kowace jiha tana tura 'yan kokawarta gasar takobi. A namu ɓangaren ɗan kokawa yakan fito a bikin kamun kifi na Argungu ko wani taro, a yi masa tafi, ya koma gona. Amma a daren nan ba mu da bakin zargin kowa. Ba gwamnati ce ta kira shi ta waya ta maimaita adadi sau biyu ba.

Da asuba muka raka shi Kwangila. Mai gyaran babur ya ranto 10,000 wurin maigidansa muka ƙara. Saura 22,000. Baba ya sa jikansa ya rubuta a takarda, ya ce mu sa hannu, mu huɗun. Muka sa. Sai a lokacin muka tuna ba mu ɗauki hoto da shi ba, kuma babu wanda ya iya buɗe baki ya roƙa. Shi ne da kansa, ƙafa ɗaya a cikin mota, ya ce, "Ba ku yin hoton? Ku zo, wannan kyauta ne."

Wata uku muka yi muna biya, dubu biyar, dubu bakwai, ta asusun jikan. Ranar da na ƙarshe ya shiga, ya kira. Bai yi dogon godiya ba. Ya ce ya gani, Allah ya yi albarka. Sannan ya tambayi siririn yaron nan, ko yana nan yana kokawa. Muka ce yana nan. Ya ce mu gaya masa ya rage dogara da ƙafar dama, duk mai ido ya riga ya gane shi, kuma duk wanda ya gayyace shi wasa, ya karɓi rabin kuɗinsa kafin ya cire riga.

Mun kai saƙon. Bana ma muna shirin wani wasan in an gama girbi. Mun ƙara zana layi biyu, kuma kuɗin babban baƙo yana cikin ambulan a akwatin tela tun kafin a zuba yashi.