In An Ci Doki Ne, In An Faɗi Mahayi Ne

A ƙasashen da sukuwa ta zama sana'a, kamar Ingila da Faransa, kowane doki yana da tarihinsa a rubuce. Kafin a saki dawaki akan buga sunan kowanne a takarda, a jera lambobi kusa da shi, watau 1 in ya zo na ɗaya, 2 in ya zo na biyu, haka har ƙasa. Akan kuma faɗi nisan da ya yi gudu, da nauyin da ya ɗauka, da yanayin ƙasa a ran nan, busasshiya ce ko mai laka. Mai karatu zai ce to shi ke nan, wanda ya karanta wannan ya san doki. Ni kam ban yarda ba, ga kuwa dalilina.

A shekarar 1986 an yi wani ingarma a Ingila mai suna Dancing Brave, na Yarima Khalid Abdullah ɗan Saudiyya. Sau 10 ya shiga tsere a rayuwarsa, ya ci 8. Wanda ya duba tarihinsa zai ga lamba 2 a gurbin tseren Derby, wanda ake yi a filin Epsom cikin watan Yuni. Tsere ne na fili ba tsallake shinge, nisansa mil ɗaya da rabi. Filin kuwa mugu ne, a hau tudu, a gangaro, sa'an nan a sha kwana ta hagu kafin a miƙe. Dokin nan bai taɓa wuce mil ɗaya a tsere ba, ana ta shakka ko numfashinsa zai kai. Saboda haka mahayinsa, Greville Starkey, ya riƙe masa linzami can baya don ya tanadi ƙarfinsa. Da suka sha kwana ya sake shi, ya yi ta wuce dawaki kamar suna tsaye, amma fili ya ƙare masa. Shahrastani, dokin Aga Khan, ya riga shi da rabin tsawon doki.

To, ina lamba 2 za ta faɗi duk wannan? Kusan wata biyu bayan haka dawakin biyu suka sake karawa a Ascot, Dancing Brave ya ci, Shahrastani ya zo na huɗu. A watan Oktoba kuma, a babban tseren Faransa da ake kira Arc, haka aka sake yi. Doki dai ya wanke kansa. Wanda bai samu wankuwa ba shi ne mahayi, domin a waɗannan manyan ranaku biyu Pat Eddery ne a kan sirdi. Starkey kuwa ba ɗan koyo ba ne. Ya ci Arc a 1975, ya ci Derby ɗin nan kansa a 1978, kuma shi ya hau wannan doki ya ci tseren Eclipse bayan faɗuwar Epsom. Duk da haka har ya mutu a 2010, da wuya a ambaci sunansa ba a tuno rabin tsawon dokin nan ba.

Abin da ya sa labarin nan yake tsaya mini a rai shi ne, yayana mahayi ne. Tun yana ɗan shekara 12 yake bargar wani attajiri a garinmu. Shi ke wanke doki, shi ke jiƙa masa kanwa, shi ke fita da shi da asuba, har tuwo yakan rage don kada ya yi nauyi. In sun ci, maroƙa su wasa doki, su wasa mai doki, shi kuwa a ba shi linzami ya ja zuwa turke. Wata rana a sukuwar bayan Salla wani doki ya matse su a kwana, yayana ya ja linzami don kada su kife gaba ɗaya, suka zo na uku. Kafin magariba an miƙa wa wani sirdinsa. Ba wanda ya tambaye shi yadda aka yi. Yanzu harawa yake sayarwa a bakin kasuwa, dokin kuwa yana nan da ƙafafunsa huɗu lafiya lau.

Ban ce rubuta tarihin doki banza ba ne, yana da amfani ƙwarai. Amma lamba wurin da aka tsaya kawai take faɗi, ba ta faɗin hanyar da aka biyo. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Saboda haka 'yan'uwa, in kun ji an ce wane ya kayar da doki, kada ku yi saurin yanke masa hukunci daga bakin waɗanda suka zauna a rumfa. Ku nemi wanda ya tsaya a kwana, cikin ƙura, ku tambaye shi.